Shin aikin kwamfuta na maza ne? Amsa ga wani uba

Wani magidanci ne ya aiko da tambaya. 'Yarsa tana aji uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ce kimiyyar kwamfuta take son karantawa idan ta kai jami'a. 'Yan'uwansa sun ce masa wannan fagen maza ne, ko ta shiga ba za ta kai labari ba, gara a ɗora ta a hanyar aikin jinya ko koyarwa. Shi kansa ya lura duk inda ya leƙa, maza yake gani a gaban na'ura. Yana son sanin dalilin ƙarancin mata a wannan aiki: halitta ce, ko wani abu ne daban? Sannan tarukan horar da 'yan mata da ake ta shelarsu a rediyo, suna da wani amfani kuwa?

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya neman bayani kafin ka yanke wa yarinyar nan hukunci. Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Mata sun yi ƙaranci a aikin manhaja da injiniyancin kwamfuta, a nan gida da ma ƙasashen da suka yi nisa a fannin. Wajen dalili ne 'yan'uwanka suka kuskure. Na daɗe ina koyar da rubuta manhaja, maza da mata sun bi ta hannuna, kuma abin da na gani a aji ya yi daidai da tarihin sana'ar. Wannan giɓi mutane ne suka samar da shi, yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon yadda aka tsara gida da makaranta da wurin aiki.

Da farkon fari ma aikin a hannun mata yake. Lokacin da aka kammala na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, aka nuna wa jama'a ita a 1946, mata shida ne suka tsara mata lissafin da take yi. Ba yaren manhaja a lokacin, ba littafin koyo. Zanen wayoyin na'urar suka zauna suka nazarta har suka gane kanta. Grace Hopper, jami'ar sojan ruwan Amurka, ita ta samar da ɗaya daga cikin manhajojin farko masu fassara umarnin mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa, a 1952, kuma aikinta ne ya share hanyar yaren COBOL da bankuna da yawa ke amfani da shi har yau. Margaret Hamilton ce ta jagoranci tawagar da ta rubuta manhajar kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969. A wancan zamani ƙera na'urar ake ɗauka aikin injiniya mai daraja, tsara mata umarni kuwa ana masa kallon aikin akawu, sai aka bar wa mata. Da aka gane cewa a nan kuɗi da iko suke, sai albashi ya tashi, sharuɗɗan ɗaukar aiki suka sauya, maza suka cika wurin.

Akwai alƙalumma biyu da nake so ka riƙe. A 1984, mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin 100 na digirin farko na kimiyyar kwamfuta a Amurka. Kafin 2010 adadin ya gangaro zuwa wajen kashi 18. A cikin waɗannan shekarun kuma yawan mata a karatun likitanci da lauya ƙaruwa yake ta yi. Ƙwaƙwalwar 'ya mace ba ta sauya cikin shekara ashirin da biyar ba. Abin da ya sauya shi ne shigowar ƙaramar kwamfuta cikin gidaje a shekarun 1980. An tallata ta a matsayin kayan wasan yara maza, iyaye suka riƙa saya wa 'ya'yansu maza suna ajiye ta a ɗakinsu. Da yaran suka iso jami'a, namiji ya shekara da shekaru yana taɓa na'ura, mace kuwa ranar ta fara. Malamai suka ɗauki wannan sabo a matsayin baiwa, suka gina darasin farko a kansa.

Da halitta ce, da ko'ina ka je adadin ɗaya za ka tarar. A Malesiya mata sukan kai rabin ɗaliban kimiyyar kwamfuta a jami'o'i, wani lokaci ma su zarce, saboda can ana kallonsa a matsayin aikin ofis mai tsabta da ya dace da mace. Rahoton kimiyya na hukumar UNESCO na 2021 ya nuna cewa a Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Oman, mata sun haura kashi 40 cikin 100 na masu kammala karatun injiniya, abin da Amurka da Faransa ba su kai ko kusa ba. Ƙasashen Musulmi ne waɗannan, masu kishin tarbiyyar 'ya'yansu mata kamar yadda muke yi. Duk wanda ya ce maka addini ne ya hana, ka ambata masa su.

To mu dawo gida, don namu giɓin yana da tasa siffar. Yana farawa tun kafin a yi maganar jami'a. A gidaje da yawa idan aka sayi laftof ɗaya, ta yaro namiji ce. Shi ake bari ya je shagon intanet na unguwa, shi zai je kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano ya zauna wurin mai gyara yana kallo, ya ɓata ya gyara har hannunsa ya faɗa. Ita kuwa da ta dawo daga boko sai Islamiyya, daga nan sai wanke-wanke da girki da renon ƙanne. Ko waya ta samu, ana zarginta da ita fiye da yadda ake zargin ɗan'uwanta. Binciken da ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ke fitarwa kowace shekara ya sha nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mata suna bayan maza da tazara mai yawa wajen amfani da intanet a waya, kuma tsadar wayar da rashin ƙwarewa suna cikin manyan dalilai. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, na sha haɗuwa da 'yan matan da ranar gwajin jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan madannai. Rubuta manhaja kuwa kamar ɗinki yake, ba a koyonsa da kallo, sai mutum ya hau keke ya ɓata yadi.

Sai mataki na biyu, wanda 'yarka take bakinsa yanzu: rabon aji a shekarar farko ta babbar sakandare. A nan ake rasa 'yan mata da yawa ba tare da kowa ya lura ba. Yarinya mai ƙoƙari sai a ce mata lissafi da fiziks suna da wuya, ta bi ƙawayenta wani ajin. Wadda ta shiga ajin kimiyya kuma, kowa likita ko nas yake hango mata. Ban raina waɗannan ayyuka ba, muna cikin tsananin buƙatar mata a asibitocinmu. Amma yarinyar da ta saki ajin kimiyya a wannan shekara ta rufe wa kanta ƙofar kimiyyar kwamfuta a mafi yawan jami'o'inmu, tun tana shekara goma sha huɗu ko sha biyar, kuma galibi ba ita ta zaɓa ba.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne akwai wuraren da aka gyara, kuma an san abin da aka yi. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, mata kashi 7 cikin 100 ne na sababbin ɗaliban kimiyyar kwamfuta a 1995. A shekarar 2000 sun kai kashi 42. Masu bincike biyu, Jane Margolis da Allan Fisher, sun yi ta hira da ɗalibai, suka gano cewa 'yan matan da ke barin kwas ɗin ba faɗuwa suke yi ba. Sukan shigo aji su ji samari suna ta zuba kalmomin da ba su taɓa ji ba, sai su yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kai, alhali sakamakonsu yana da kyau. Jami'ar ta daina fifita wanda ya riga ya iya rubuta manhaja wajen ba da gurbi, ta koma duba ƙarfin lissafi da himma. Ta buɗe hanyoyin shiga daban-daban gwargwadon sabon ɗalibi da na'ura, ta kuma horar da malaman sakandare. Kwalejin Harvey Mudd a Kalifoniya ta bi irin wannan hanya a zamanin shugabarta Maria Klawe, wadda ta kama aiki a 2006. Sun raba ajin farko gida biyu, na waɗanda suka taɓa yi da na sababbin shiga, don kada masu baki su danne sauran. Sun sauya darasin ya zama warware matsalolin da ɗalibi zai ga amfaninsu, suka riƙa kai 'yan aji ɗaya babban taron mata masu aikin kwamfuta, suka ba su aikin bincike a lokacin hutu. Daga wajen kashi 10, mata suka kai kashi 40 cikin 'yan shekaru, daga baya har suka haura rabi. Ba a sauƙaƙa jarrabawa ba, ba a rage wa kowa maki ba.

Ni ma abin da nake gani ke nan. A makon farko samari ne ke ɗaga hannu. Zuwa ƙarshen zango, idan aka tsare kowa ya zauna gaban tasa na'urar, ba ka iya gane aikin mace da na namiji. Inda ake cutar 'yan mata shi ne aikin rukuni: na'ura ɗaya, mutum biyar, namiji ya riƙe madannai, a ce mace ta rubuta rahoto saboda rubutunta ya fi kyau. Tana iya gama shekara huɗu a haka, ta fito da digiri mai kyau hannunta bai faɗa ba. Wannan laifinmu ne mu malamai, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Bayan karatu sai neman aiki, nan ma akwai shinge. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya takardar neman aiki iri ɗaya sak, rabi da sunan John, rabi da sunan Jennifer. An ga John ya fi ƙwarewa, an yi masa tayin albashin wajen dala 30,000 a shekara, ita kuwa wajen 26,500. Malamai mata ma sun nuna wannan bambanci kamar takwarorinsu maza, abin da ke nuna cewa zato ne da ya zauna a kan kowa ba tare da an sani ba. A 2018 kuma aka ba da labarin cewa kamfanin Amazon ya jingine wata manhajar tace masu neman aiki da ya gwada, saboda ta koyi darasi daga takardun shekarun baya, waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa takardar da ta nuna alamar mace maki.

Sai maganar da na san tana ranka ko ba ka faɗa ba: aure da haihuwa. Gaskiya ne a nan ne mata da yawa suke barin aikin, a Amurka da Turai ma haka ne. Aikin da ake tashi ƙarfe goma na dare, wanda babu hutun haihuwa na kirki, wanda ake yanke shawara a wurin hirar da mace ba ta zuwa, dole ya kori matan aure. Amma duk cikin ayyukan zamani, da wuya ka sami wanda ya fi wannan dacewa da mace mai iyali, idan an tsara shi da hankali. A 1962 wata mata a Ingila, Stephanie Shirley, ta kafa kamfanin manhaja da jarin fam shida. Matan da aure ko haihuwa ya raba da aiki ta riƙa ɗauka, suna rubuta manhaja a gidajensu da fensir da takarda, suna magana ta wayar tarho. Da ta ga ba a amsa wasiƙunta, sai ta koma sa hannu da sunan Steve, aka fara kiranta. Cikin ma'aikatanta 300 na farko uku ne kawai maza, kuma kamfanin nata ne ya rubuta manhajar akwatin naɗar bayanan jirgin sama na Concorde. Ba intanet aka yi wannan. Yau da ake da ita, mace tana iya zama a ɗakinta a Zariya ko Maraɗi tana yi wa kamfanin Legas ko Nairobi aiki. Abin da take buƙata wuta ce da data da awannin da aka bar mata, da miji da ya ɗauki aikin a matsayin aiki.

Wani zai ce, in maza suna yin aikin, me ya dame mu? Abin da aka ƙera yana ɗaukar kamannin wanda ya ƙera shi. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni. Ga farar fata namiji kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga baƙar fata mace ya kai kusan kashi 35. An daɗe ana sayar da waɗannan manhajoji kafin mata baƙar fata su zo su auna su. Ka kawo wannan gida: manhajar awon ciki, ta adashe, ta sayar da turaren wuta da abincin da mata ke yi a cikin gida, ta koyar da karatu da Hausa ga wadda ba ta yi boko ba. Wa zai shiga cikin gida ya zauna da waɗannan mata ya ji matsalarsu? Namiji iyakarsa zaure.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Ƙoƙarin yana da yawa, wasu kuma na gaske ne. A Najeriya akwai ƙungiyoyin horar da mata fasahar kwamfuta irin su W.TEC da Oreoluwa Lesi ta kafa a 2008, da She Code Africa da Ada Nduka Oyom ta fara a 2016. A Kenya akwai AkiraChix, a Gana akwai makarantar Soronko ta Regina Honu. A Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da mata da bin kadin shigarsu intanet. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno yana da ɓangaren koyar da 'yan matan sakandare kwamfuta, kuma shirin gwamnatin tarayya na horar da jama'a fasahar kwamfuta, 3MTT, da aka fara a 2023 a buɗe yake ga mata. A 2018 wasu 'yan mata daga wata sakandare a Onitsha suka ci Technovation, gasar ƙera manhaja ta 'yan mata ta duniya, a rukunin ƙanana, da manhajar gano jabun magunguna. Malama suka samu da ta tsaya musu wata da watanni.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, yawancin tarukan da kake ji a rediyo ba sa taɓa giɓin. Bita ta kwana uku a otal, riga da hula da takardar shaida da hoto, sannan kowa ta koma gidan da ba na'ura, wannan ba ya fitar da mai aikin manhaja. Yana iya sa yarinya sha'awa, wannan ma alheri ne, amma sha'awar da ba a bi ta da komai ba tana mutuwa. Abin yana ci mini rai, don kuɗin da ake kashewa a taro ɗaya zai iya sa wa ɗakin kwamfuta na makarantar 'yan mata sola ya biya malami shekara guda. Idan za ka auna shiri, tambayi tsawonsa, wata nawa ne. Tambayi ko kowace ɗaliba tana da na'urar da za ta zauna a kai ita kaɗai. Tambayi abin da ɗaliban bara suka gina da hannunsu, da inda suke yanzu. Shirin kirki yana da amsar waɗannan a bakinsa. Sannan ka duba ko akwai mata cikin masu koyarwa. Mu ba baƙin wannan tsari ba ne, tun zamanin Nana Asma'u da malamanta mata na 'Yan Taru, waɗanda ake kira jaji, aka san cewa ilimin da mace ta kai wa mace yana shiga inda na namiji ba ya kaiwa, kuma iyaye sun fi sakin jiki da shi.

Tsoron da iyaye suke da shi game da intanet ma ba na banza ba ne. Cin zarafin mata a kafafen sada zumunta yana faruwa, da yaudara, da yaɗa hotuna. Amma yarinyar da ta san yadda na'ura ke aiki, ta san yadda ake satar lambar sirri da yadda ake rufe asusu, ta fi wadda aka hana taɓawa tsira. Ka ajiye kwamfutar a falo inda kowa ke wucewa, ka san abin da take koyo, mahaifiyarta ma ta sani.

Kada kuma a yi maka alƙawarin dala. Kasuwar aikin ta yi tsauri tun korar ma'aikata da manyan kamfanoni suka yi a 2022 da 2023, kuma ƙirƙirarriyar basira tana cinye ƙananan ayyukan da sababbin shiga suke farawa da su. Wanda ya tsaya a kan ɗan abin da ya haddace a bita shi zai fi shan wahala, mace ko namiji. Mai tushen lissafi da tunani mai tsari da Turanci mai kyau yana da inda zai juya: tsaron bayanai, nazarin alƙalumma, manhajar banki da asibiti, koyarwa.

Saboda haka ga abin da zan ce ka yi wa 'yarka a bana. Ta shiga ajin kimiyya, ta riƙe lissafi da fiziks da kemistiri, ta ƙara da babban lissafi idan makarantar tana koyarwa. Wannan bai rufe mata hanyar likitanci ko jinya ba idan ta sauya ra'ayi, muddin ta haɗa da bayoloji. Idan da hali ka saya mata laftof ko ta hannu ce, ba sai mai tsada ba, kuma ka faɗa a gaban kowa cewa tata ce, 'yan'uwanta maza aro za su riƙa yi. Idan ba hali, akwai manhajojin koyon yaren Python da suke aiki a wayar Android, ta fara da su kafin Allah ya hore. Ka yanke mata awa ɗaya a rana da ba mai aikenta, a raba aikin gidan da sauran yara. Ka nemo mata mace ɗaya da take wannan karatu ko wannan aiki, ko a sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa da ku, su riƙa magana ko sau ɗaya a wata. Idan kuma lokacin aure ya zo, maganar karatunta da aikinta ta shiga cikin abin da za a tattauna da dangin miji tun kafin a sa rana, kai da kanka ka faɗe ta, kada ka bar wa yarinyar.